Kwarkwaron Jan Zare

Ni tela ne a Fagge, ban yi karatun likita ba,
tef ɗina kafaɗa yake aunawa, da wuya, da tsawon hannu.
Amma na ga ana ɗinka wata riga sannu a hankali,
ba allura, ba almakashi,
a cikin kan 'yata Tasalla.

Ranar suna idonta kamar ruwan randa,
duk wanda ya leƙa, kansa yake gani.
Ƙamshin Balaraba ta sani, da ɗumin ƙirji,
iyakar garinta ke nan.
Bayan arba'in, ina taka keke,
ta juyo wajen ƙarar ta yi murmushi.
Kakarta ta ce mala'iku ke yi mata wasa.
Na yi shiru. Na san da ni take.

Wata biyar, komai sai ya bi ta baki:
gefen tabarma, babban yatsan ƙafa, gemuna.
Na nuna mata kwarkwaron jan zare,
na rufe shi da yankin shadda.
Ta dubi wajen, ta dubi rufi, ta yi hamma.
Abin da ya ɓace wa ido, a wurinta ba a taɓa yin sa ba.

Wata tara, wata Laraba da aka ɗauke wuta,
na sake rufewa.
Ta miƙa hannu ta fizge ƙyallen. Ga zare!
Ta yi dariya har da shaƙuwa.
Tun ranar, in uwar ta fita sai kuka.
Ashe sanin abu yana nan a wani wuri
shi ne mafarin kewa.

Ta yi rarrafe, ta yi tatata, ta kama ƙafar keke ta miƙe.
Madubin shago ta sumbata, ta leƙa bayansa
tana neman yarinyar da ke ciki.
Sai wata rana kwalli ya ɓata mata goshi,
ta kalli madubi, ta shafa nata goshin.
Na ajiye aiki na ce, sannu da zuwa.

Akuya “mee” ce. Kare ma “mee”.
Jakin mai yashi “mee”, har Malam Jibo mai gemu.

Shekara uku, tambaya kamar ruwan Agusta:
Baba, wa ya ɗinka Dala?
Me ya sa wata yake bin mu har Gwammaja?
Ta rufe idonta da tafi ta ce, ba ka ganina.
Ta tuƙa tuwon ƙasa a gwangwanin madara,
na biya da ganyen darbejiya, ta ba ni canji.
Kunu ɗaya na raba musu da Ɗanliti,
nasa a dogon kofi, nata a kwano,
ta yi ta birgima wai an cuce ta.
Goma biyu ta zaɓa, ta bar hamsin guda.

Bara ta yi ƙaryarta ta farko.
Sukari a leɓe, ta ce mage ce ta sha.
Balaraba ta yi faɗa, nima na haɗe rai,
amma na fita soro ina jinjina kai:
ta gane kaina ɗaki ne, nata ma ɗaki,
kuma akwai bango a tsakani.

Jiya ta ɗauki kwarkwaron nan, zarensa ya kusa ƙarewa,
ta rufe shi da shadda ta ce, Baba, ina yake?
Na duba aljihu, na duba ƙarƙashin hula.
Ta ce, ka sani mana, yi kawai kake.

Litinin za ta shiga aji ɗaya.
Na auna ta, na yanka yadin makaranta,
na bar kalmasa mai faɗi, yatsa huɗu,
ko da yake na san
ba za ta kai baɗi ba.